Ƙanƙara a Tanuma

Joud ce ta jawo maganar, wata Juma'a da rana, ana cikin cin shinkafa da kifi a gidan Barakatu a Aziziyya. A makon nan zafin Jidda ya kai maƙura. Mukayyif ɗin falo, na'urar sanyaya ɗaki, sai gurnani yake yi, iskar da yake hurowa kuwa kamar numfashin mai zazzaɓi. Joud 'yar ƙanwar Barakatu ce, ma'aikaciyar jinya, kuma tun da ta shiga wata ƙungiya ta masu hawan duwatsu ba ta da hira sai ta dutse. Ta goge hannu, ta miƙo wayarta.

"Shufi, Khala. Duba nan. Tanuma ke nan, can kudu, a Asir."

Barakatu ta karɓa ne don kada a ce ta ƙi dubawa. Sai ta ga wata mata tsaye a kan dutse da rigar sanyi, bishiyoyi kore shar a bayanta, ga gajimare fari fat a shimfiɗe ƙarƙashin ƙafafunta kamar an baza auduga a rana. Ta mayar da bidiyon farko. Ta sake mayarwa.

"Wannan a ƙasar nan ne?"

"Wallah a nan. Kuma jiya aka ɗauka."

"Jiya? Da rigar sanyi?"

A unguwar Kurayyat ta Jidda aka haifi Barakatu, a nan aka haifi mahaifiyarta. Kakarta ce ta zo aikin hajji daga ƙasar Katsina, ta zauna. Shekara arba'in da ɗoriya, duniyarta daga Jidda sai Makka. Da can matsalar takardu ce ta ɗaure mata ƙafa, ba ta iya tunkarar shingen bincike ba tare da gabanta ya faɗi ba. Da aka daidaita mata iƙama, takardar izinin zama, kuma sai sabo ya karɓi aikin ɗaurewar: shagon ɗinkin labule a unguwar Bagdadiyya, gida, biki, ta'aziyya, a sake komawa shago. Duwatsun da ta sani su ne na hanyar Makka, baƙaƙe, tsirara, masu huci kamar tanderu. Ba ta taɓa tunanin akwai dutsen da mutum zai hau don daɗi ba.

Ta ajiye wayar a gefen faranti ta ce, "Zan je."

Mijinta Abdallah, wanda take kira Abu Saif, ya ɗago da ƙashin kifi a hannu. Mutumin teku ne, yana tuƙa ƙaramin jirgin da ke kai mutane kamun kifi daga Obhur. Ƙato ne, baƙi, mai murya kamar ganga.

"Za mu je dai," ya ce. "Ni da igiyar ruwa ta sha yin ƙwallo da ni a tsakiyar teku, dutse ne zai gagare ni? Dutse ai a tsaye yake wuri ɗaya, ba ya motsi. Halas, Joud, sa sunanmu."

Tun daga ranar Barakatu ta yi sallama da asansir, na'urar da ke kai mutane saman bene. Gidansu a can hawa na sama yake, ita kuwa ta ɗauri aniyar da ƙafa za ta riƙa hawa. Ranar farko a tsakiyar bene ta zauna, da ledar albasa a cinya, tana haki, har wata maƙwabciya 'yar Masar ta leƙo ta tambaye ta ko a kira mata likita. Ba a yi wata ba sai ga ta tana hawa tana amsa waya. Kullum ta dawo daga shago sai ta hau, ta sauko, ta sake hawa, mai gadi yana binta da kallo. Abu Saif kuwa bai hau ko matakala ɗaya ba. Shi nasa shirin a kasuwa ya yi shi: ya dawo da sandunan ƙarfe masu naɗewa, da malafa mai igiya, da jaka mai aljihu barkatai, da wani jan usur da ya rataya a wuya yana hurawa a falo har sai da aka ƙwanƙwasa musu bango.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba suka kama hanya, shi a sitiyari, Barakatu a gefensa, Joud a baya da kwandon abinci. Hanyar gaɓar teku miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare. Suka wuce Lith, suka wuce Ƙunfuza, raƙuma jefi-jefi, rairayi iyakar gani. A shingen bincike Barakatu ta miƙa iƙamarta tun kafin a tambaya. Jami'in ko kallo bai yi ba, ya ɗaga musu hannu. Ta ji kamar ta ce masa ya dai duba mana.

Da suka bar teku suka yi gabas, sai ta hango wani abu shuɗi-shuɗi ya tokare sararin sama daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗauka hadari ne.

"Ba hadari ba ne, Khala," in ji Joud. "Su ne. Can sama za mu kwana."

"A kan wancan? Akwai gari a kan wancan?"

"Da masallatai da makarantu, har da wurin shan gahawa."

Hanyar da ke hawa dutsen, wadda mutanen wurin ke kira akaba, ta fara da sauƙi. Abu Saif yana tuƙi da hannu ɗaya yana ba da labarin wani kifi da ya taɓa jan jirginsa. Sai kwana ta biyo kwana. Titi ya manne a jikin dutse kamar zare a bakin labule, dama bango, hagu kuwa babu komai sai iska. Barakatu ta manna goshi a gilashi tana leƙen ƙauyukan da suka baro, sun koma kamar an watsa farar shinkafa a tabarma.

"Abu Saif, dubi! Dubi motar can ƙasa, kamar ƙwaro!"

Bai duba ba. Labarin kifin ma ya tsaya a tsakiya. Ta juyo ta ga ya riƙe sitiyari da hannu bibbiyu, gumi yana bin wuyansa, motar tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Da suka iso wani ɗan fili da aka ware don tsayawa, ya ratse, ya kashe mota.

"Inji ya yi zafi," ya ce.

Joud ta leƙo ta dubi allurar. Tana nan daram a tsakiya. Ta dubi Barakatu, Barakatu ta kawar da kai tana danne dariya.

"Ammu, ka gaji, tun asuba kake tuƙi. Khalli, bari in karɓe ka."

"To, tun da kin matsa."

Ya koma baya, ya zauna ta ɓangaren bango, ya ja malafar ya rufe fuska. Daga ƙarƙashinta suna jin yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Joud ta ja mota. Barakatu ta sauke gilashi, wata iska ta bugo ta, mai sanyi, mai ƙamshin ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kunnuwanta suka toshe suka buɗe. A bakin wata kwana ta ga garken gwaggon biri sun jeru a kan katanga, uwa da ɗa a bayanta, wani babba mai furfura yana kallon motoci kamar shi ke karɓar baƙi. Ta yi ihu har Abu Saif ya zabura.

"Lafiya? Mun faɗa?"

"Birai ne! Tashi ka gani!"

"Ku gaishe su."

Masaukinsu ba a cikin gari sosai yake ba, yana wata unguwa a gefe, inda tsofaffin gidajen dutse ke cakuɗe da sababbi. Mai gidan wata dattijuwa ce, Rahma, 'yar siririya, da baƙar riga mai aikin zare ja da rawaya a ƙirji, ta ɗaura ɗankwali rawaya, ta soke reshen raihan a gefen kunne. Ɗanta Meshari malamin makaranta ne, idan an yi hutu shi ke yi wa baƙi jagora a duwatsu. Rahma ta kama hannun Barakatu ta ji shi sanyi ƙalau, ta yi dariya.

"Mutanen Jidda! Ku shigo kafin ku daskare."

A ɗakin babu mukayyif. Barakatu ta duba bango huɗu ba ta gani ba, sai barguna jibge a kan gado. A tsakiyar bazara! Ta lulluɓa da ɗaya, ta fito baranda, ta tsaya tana kallon gonaki hawa-hawa kamar matakala, da bishiyoyin ar'ar masu duhun ganye, da wani ƙaton dutse mai santsi da ya tsaya a bayan gari. Meshari ya nuna shi da haɓa.

"Gobe in sha Allah, Khala. Ta bayansa za mu bi, mu fito ta can inda ya yi kamar hanci."

Da gari ya waye Abu Saif ya ce gwiwarsa ta riƙe, tuƙin jiya ne. Ba wanda ya yi masa gardama. Ya miƙa wa Barakatu sandunan ƙarfen, ya gyara mata igiyar jaka, ya rako su har bakin gonaki.

"Umm Saif, ki riƙa duba inda kike sa ƙafa."

"To."

"Kada ki je baki-baki don hoto."

"Na ji."

'Yan ƙungiyar ba su da yawa, yawanci abokan aikin Joud ne, kuma duk Barakatu ta girme su. Ta sa wando da gajeriyar abaya da takalmin kambas. Hanyar ta fara ta cikin gonakin alkama da aka girbe, ta bi gefen wata tsohuwar rijiya, ta shige kurmin ar'ar. Meshari ya nuna musu jan fenti da aka ɗiga a jikin duwatsu, ya ce duk wanda ya rabu da jama'a ya bi shi, zai kai shi sama ko ya mayar da shi gida.

Ba a jima ba ta gane dutse daban, bene daban. Matakalar bene a jere take, wannan kuwa wata ta kai gwiwa, wata ta karkace, wata ta motsa idan an taka. Ga iska ba ta cika ƙirji, sai ta ja numfashi ta ji kamar an rage mata rabi. Zuciyarta tana bugawa har cikin kunne. Sau biyu ta tsaya ta dafa sanda tana tambayar kanta wa ya aike ta. Amma duk tsayawar da ta yi sai ta ga wani abin da ba ta taɓa gani ba: wani tsuntsu mai dogon bindi, gansakuka tana reto a jikin rassa kamar gemun tsoho, amyar zuma da aka yi da kututture an jera a cikin kogon dutse. Ta tsinki wani ganye ta murza ta shinshina, ta cusa a aljihu. Ta tsinki wani.

"Khala, ta'abti? Kin gaji?"

"Wa? Ni? Wuce mu je."

Can sai ƙafafunta suka gane kan abin. Ta daina kallon nisan da ya rage, ta kama taku ɗaya-ɗaya, sanda, ƙafa, sanda, ƙafa. Ta wuce wata budurwa da ke zaune tana shafa ƙauri. Ta wuce wani saurayi mai kyamara. Da suka fito daga kurmi suka hau falalen dutse, sai ga ta a bayan Meshari, tana tambayarsa sunan kowace ciyawa.

Sun kusa hancin dutsen bayan azahar, sun zauna suna cin gurasa da zuma da Rahma ta ƙunsa musu, sai Meshari ya daina tauna ya dubi yamma. Gajimare ne ke tasowa daga ƙasan kwari, ba daga sama ba, yana hawowa jikin dutse kamar hayaƙin girkin biki. Kafin su naɗe ledoji ya iso. Rana ta ɓace. Barakatu ta miƙa hannu ta ga yatsunta sun yi dishi-dishi, sanyi mai laima yana shafar fuskarta.

"Joud! Muna cikinsa! Cikin gajimare muke!"

Sai aka yi tsawa, kusa, har dutsen ya amsa a tafin ƙafarta.

"Yalla, yalla, ku biyo ni!" in ji Meshari. "A sauka daga falalen nan. Kowa ya riƙe na gabansa."

Ya gangara da su wani lungu, zuwa wani tsohon ɗakin makiyaya da aka gina da dutse a ƙarƙashin wata rumfar dutse. Suna cusa kai wani abu ya bugi jakar Barakatu, ƙwas. Wani ya bugi sandarta. Sai abin ya ɓarke gaba ɗaya, ƙara kamar ana juye tsakuwa a kan kwano. Ta leƙa ta ƙofa ta ga fararen ƙwallaye suna zubowa daga sama, suna tsalle a kan dutse, suna gangarawa.

"Mene ne wannan?"

"Barad, Khala!" Joud ta ɗaga murya don a ji ta. "Yaya ake cewa da Hausa? Talj? Na cikin firiza?"

"Ƙanƙara! Ƙanƙara ce daga sama!"

Ta taɓa jin mahaifiyarta tana ba da labarin ruwan ƙanƙara, amma ba ta taɓa tsayawa a cikinsa ba. Ta miƙa hannu waje, suka sassare ta, ta janye tana dariya, ta sake miƙawa. Ta tara a bakin abaya, ta jefa ɗaya a baki, ta tauna, haƙoranta suka amsa. Ta cusa wa Joud ɗaya a wuya, Joud ta yi ƙara. Nan da nan ɗakin ya rikice, manya da digirinsu suna jifan juna da ƙanƙara kamar 'yan makaranta, Meshari yana roƙon a bar bakin ƙofa. Ƙasa ta yi fari fat cikin ɗan lokaci. Sannan ƙanƙarar ta juye ruwa, aka yi ta tsugawa.

Da ya tsagaita suka fito suna rawar ɗari. Hazo bai tafi ba, amma ko'ina ƙarar ruwa ake ji, yana gudu ta ƙarƙashin duwatsu. Meshari ya ce hancin dutsen ba nisa, wanda ke da ƙarfi ya zo, a hankali, don akwai santsi. Barakatu ce ta fara miƙewa.

Suna isa iska ta taso. Hazon ya yage kamar an ja labule gefe guda, sai ga duniya. A yamma, inda ƙasa ta yanke, gajimare ya cika kwarin Tihama dam, fari, shimfiɗe, kawunan duwatsu sun leƙo ta cikinsa kamar tsibirai. A gabas ga garin can ƙasa, wankakke, rufin gidaje na ƙyalli. Jikin duwatsun da ɗazu suke a bushe kuwa duk ruwa ne ke kwararowa, farare, dogaye, nan da can, ba ta ma iya ƙirga su.

Barakatu ta saki sandunan suka faɗi. Ba ta san lokacin da ta sa hannu a baki ta rangaɗa guɗa ba, irin wadda take yi idan an fito da amarya, doguwa, har sai da numfashinta ya ƙare. Dutsen da ke fuskantarsu ya dawo mata da ita. Na bayansa ma ya dawo da ita. Sai can ƙasa, daga wajen gonaki, wata murya siririya ta amsa da tata guɗar. Wata ta karɓa daga wani gida. Matan unguwar ne suka fito ganin ruwa ya cika musu gonaki.

"Sun amsa miki!" Joud ta rungume ta tana tsalle. "Khala, wallah sun amsa miki!"

Barakatu ta sake yi, aka sake amsawa. Hawaye na zubo mata, tana dariya, hancinta na yoyo don sanyi, ba ta damu ba.

Da suka juyo hazo ya sake rufewa. Meshari ya ce ba za su koma ta kurmi ba, ruwa ya cika hanyar. Za su bi ta gaba, gajeriya ce, amma akwai wani wuri da hanya ta tsuke a jikin dutse, a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Suna cikin gangarawa sai Barakatu ta tsaya cak.

"Ku yi shiru."

Fiiit. Fiiit. Daga ƙasa, cikin farin hazo.

"Na san usur ɗin nan," ta ce.

Suka ƙara sauri. Suna shan wata kwana sai ga mutum ya ɓullo kamar aljani, jiƙe sharkaf, malafa ta lanƙwashe a kunnuwansa, bargo a kafaɗa, fulas ɗin shayi a hammata, jan usur a baki. Da ya ga Barakatu sai usur ɗin ya faɗo.

"Alhamdu lillahi! Umm Saif! Ina ta kiran wayarki ba ta shiga. Na ga tsawa tana sauka a kan dutsen nan, na ce ba zan zauna ba."

"Kai kaɗai ka hawo?"

"Umm Meshari ta hana ni, na ce ta dai nuna mini bakin hanya. Jan fenti na biyo. Ashe ma ba wuya! Hanya ce lafiyayya, ban ga abin tsoro ba."

Meshari ya dube shi, ya dubi hanyar da ya fito.

Abu Saif ya yafa wa matarsa bargo, ya tsiyaya shayi a murfin fulas, yana ba su labarin yadda ƙanƙara ta same shi a gindin wata bishiya. Yana cikin magana iska ta sake tasowa. Hazon ya janye a hankali daga ƙafafunsu, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa. Hanyar da ya biyo ta bayyana: 'yar siririya, faɗinta bai wuce tabarmar salla ba, manne da bango, gefenta kuwa rami ne wanda sai an leƙa sosai ake hango kan bishiyoyi a ƙarshensa.

Abu Saif ya bar labarin. Ya dubi hanyar, ya dubi ramin. A hankali ya durƙusa, ya zauna, ya jingina baya da dutse, ya miƙe ƙafafu.

"Ta nan na biyo?"

"Ta nan, Ammu."

"Inna lillahi. To ku je. Ni a nan zan zauna."

Saurayin mai kyamara ya fara dariya, Joud ta harare shi ya haɗiye. Meshari ya tsuguna yana bayani cewa wurin bai kai yadda ido ke nunawa ba, ga ƙarfe an kafa a bango na riƙewa, tsofaffi ma suna bi da awaki. Abu Saif yana gyaɗa kai, idonsa a rufe. Barakatu ta miƙa wa Joud sandunan, ta ce su yi gaba su jira a ƙetare. Da suka rage su biyu sai Meshari a ɗan nesa, ta zauna kusa da mijinta ta shanye sauran shayin.

"Shayin ya yi daɗi," ta ce.

"Kada ki yi mini dariya."

"Ban yi ba. Duk garin nan wa ya hawo dutse cikin tsawa da bargo saboda matarsa?"

Ya buɗe ido ɗaya.

"Tashi," ta ce. "Zan shiga gaba. Hannunka na dama a ƙarfe, na hagu a jakata. Kada ka kalli komai sai dugadugina. Inda na ɗaga, nan za ka sa."

"Idan na zame na ja ki fa?"

"Ba za ka zame ba. Ɗazu ka wuce shi da fulas a hammata."

Ya daɗe kafin ya miƙe. Ta ji nauyin hannunsa a jakarta. Ta taka, ya taka. Ta ce masa ya ƙarasa mata labarin kifin nan da ya ja jirginsa, wanda ya bari a hanya jiya. Da muryar da ba ta san shi da ita ba, 'yar ƙarama, ya fara: wai da sassafe ne, sun fita daga Obhur da wasu baƙi. Ta ce sai aka yi yaya? Ya ce sai igiya ta miƙe. Ruwa yana ɗiga musu daga saman dutse, takalminsa yana ƙara a bayanta. Ita kanta sau ɗaya ta saci kallon ramin, ta mayar da ido kan hanya. Kifin bai kai ga shiga jirgi ba sai ta ji ciyawa a ƙarƙashin ƙafarta.

"Halas, Abu Saif. Ɗago kai."

Ya ɗago ya ga fili, ga gonaki, ga su Joud suna tafi. Ya saki jakar, ya juya ya kalli abin da ya ƙetare, ya yi wata irin dariya mai haɗe da haki. Sannan ya ɗauki usur ya hura da dukkan ƙarfinsa, har wasu awaki da ke kiwo a gefe suka watse.

Rahma tana bakin gonarta, zani a ɗage, tana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan hawa zuwa na ƙasa. Da ta hango su ta yar da fartanyar ta taho.

"Wace ce mai guɗar nan a sama?"

Joud ta nuna Barakatu.

"Na faɗa! Na ce wannan ba muryar 'yan matan yanzu ba ce. Ni na fara amsa miki." Ta kama Barakatu ta sumbace ta a kumatu biyu, sannan ta juya ga Abu Saif ta girgiza kai. "Kai kuma, ɗan Jidda, ka tafi mini da bargo."

Kafin magariba an hura gawayi a tsakar gida, an baza takalma da safa a gefe suna tururi. Rahma ta fito da arika mai zafi a babban akushi, gurasar alkama da aka dama da dabino, man shanu da zuma suna kwance a tsakiya. Maƙwabta mata biyu suka shigo ganin mai guɗa. Barakatu ta zauna a tsakiyarsu cikin bargo, cinyoyinta na zogi, tafin hannunta ya yi ja, tana ci tana ba su labari da Larabcinta na Jidda, suna gyara mata sunayen wurare. Ɗaya daga cikinsu ta ce ai wannan dutsen na yara ne, in tana son ganin abu ta je wajen magangarar ruwa da ke bayan ƙauyen iyayenta, yau kam ya cika.

Barakatu ta juya ta nemi Meshari.

"Da nisa?"

"Da ɗan nisa, Khala. Sai an fita da wuri. Kuma ƙafafunki gobe za su yi tsami."

"Su yi. Joud, ina man zafin nan da kika zo da shi?"

Joud ta tashi ɗaukowa. Barakatu ta jawo takalmanta kusa da wuta, ta juya su don cikin ya bushe.